Kafin Ku Ɗauki Filafili

 Damina ta ja baya, dam-dam sun cika sun batse, ga kuma hutu yana ƙaratowa. Mun san abin da ke ran da yawa daga cikinku, musamman 'yan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bagwai da Minjibir: a faki idon Baba, a gangara bakin ruwa, a lallaɓi wani masunci ya ɗana ku a kwale-kwalensa. Kada wani ya ce mun yi masa sharri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar dam ɗin Tomas da hantsi, ya ga ruwa ya kwanta lumui, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a cikin bado, masunci na tafe a tsanake yana jan kalli, ya san irin kwaɗayin da muke nufi.

Mu ba mu zo mu ce kada ku je ba. An daɗe ana faɗa muku haka, kuma kuna zuwa, sai dai a ɓoye, ba babba a kusa, ba wanda ya san inda kuka nufa. Wannan ita ce tafiya mafi haɗari. Don haka yau za mu yi maganar ruwa da jirgi ƙeƙe-da-ƙeƙe.

Ku fara duba ƙasar da muke zaune a kanta. Daga Kano ka miƙi hanyar Daura ko ta Katsina, da wuya ka ga abin da za a kira daji. Gonar wannan ta dafa ta wancan, gero da dawa da gyaɗa da wake, gawo da ɗorawa da kuka a tsakaninsu, ga gidaje nan birjik. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon takin gida, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Abin alfahari ne. Amma yana nufin yaron ƙauye a nan ba shi da wani sarari da zai je ya sha iska wanda ba gonar wani ba ce. Sararin da ya rage shi ne saman ruwa.

A ƙasar Kanada akwai larduna irin su Saskacewan da Manitoba, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta noman alkama, ido ya yi ta tafiya ba tudu. A can gwamnati ta keɓe wuraren shaƙatawa a bakin tafkuna da koguna, iyali su tashi ranar hutu su yi hayar kwale-kwale su yini suna tuƙawa, wasu ma har su kwana a tanti. Abin da ya ja hankalinmu ba kyan wurin ba ne, dokarsu ce. Ko ɗan ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya, tilas a samu rigar kariya daidai jikin kowane mutum da ke ciki, da abin kwarfe ruwa, da usur ko wani abin busawa don neman agaji, da igiya mai yawo a kan ruwa wadda tsawonta ya kai mita 15. Babu wani abu a cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu. Bambancin kawai su sun mayar da shi al'ada.

Namu tafkunan ba don wasa aka yi su ba. Yawancinsu aikin hannu ne, kuma ba su daɗe ba. Marigayi Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aikin tare ruwa da muhimmanci, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 kuma ya nuna yana da gaskiya. An kammala Tiga a 1974. Na wajenmu, wato Tomas da Jakara da Gari da Watari, duk 'ya'yan wannan zamanin ne. Albarkacinsu ake noman rani, ake fitar da tumatir da albasa da attaruhu da alkama a lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙamas, ake kuma cin tarwaɗa da ƙarfasa a garuruwan da a da sai dai busasshen kifi daga nesa.

To a nan gizo ke saƙar. Ku tambayi kakanninku, wasunsu sun yi noma a daidai inda ruwan nan yake kwance yau. Kogunan da aka tare, a da sai damina suke gudu, da rani yashi ne, yara na wasa a ciki. Ke nan an kawo mana babban ruwa a cikin shekaru kaɗan, amma ba a kawo mana gadon sanin ruwa ba. Ɗan Sarkawa a Yawuri ko Argungu tun yana rarrafe yake cikin jirgi, ubansa ya gada, kakansa ya gada. Mu 'ya'yan manoma ne da tafki ya zo ya same mu a gona. Akwai masunta na ƙwarai a bakin kowane dam, akwai Sarkin Ruwa, amma yawancin masu shiga jirgi fasinjoji ne da ba su taɓa koyon iyo ba. Sannan ƙarƙashin ruwan ba shimfiɗa ba ce. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci, akwai tsohon kwarin kogi inda zurfi ke faɗawa farat ɗaya, akwai ramukan da aka haƙa ƙasar gini. Mai tafiya ruwa iya gwiwa, taku biyu gaba sai ya ji ba ƙasa.

Kada wannan ya sa ku ɗauka kwale-kwale baƙo ne a Arewa. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe, ya ci karo da wani katako a can ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankifot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale da aka sassaƙa daga itace guda, tsawonsa ya haura mita 8. Gwaji ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan kaɗan mafi tsufa a duniya, yanzu yana ajiye a Damaturu. Idan malamin tarihi ya tambaye ku abin da Arewa ta ƙera tun kafin dalar Masar, ga amsa nan.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya sa iyayenku ke tsorata, don tsoronsu ba na banza ba ne. Ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga Hayin Badau zai tsallaka ruwan Bagwai, wato dam ɗin Watari. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan makarantar Islamiyya ne masu zuwa taron Maulidi. Jirgin ya kife. Hukumomi sun tabbatar da rasuwar mutum aƙalla 29, akasarinsu yara, wasu sa'o'inku, wasu ƙannenku. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Abin da masu aikin ceto suka bayyana a matsayin dalili shi ne lodi ya yi wa jirgin yawa. Ba kuma shi ne karo na farko ba, don a 2008 wannan ruwan ya ci 'yan rakiyar amarya masu yawa. Bayan abin da ya faru a 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da jigilar fasinja ta jirgi a wurin.

Ku lura, waɗancan yaran ba yawo suka fita ba. Ruwa ne ya raba ƙauyensu da gari, zagayawa ta mota kuma da nisa da tsada. Wannan shi ya sa muke ganin hani kaɗai ba zai wadatar ba. Yaron da aka hana shi zuwa bakin ruwa, wata rana biki ko kasuwa ko makaranta za su sa shi cikin jirgi, ya zauna bai san komai game da abin da ya hau ba.

Mun sha jin ana cewa kwana ne ya ƙare, wasu kuma su ce mutanen ruwa ne suka karɓi rabonsu na shekara. Kwana kam kowa da nasa. Amma maganar lodi lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba. Ku ɗauko biro.

Jirgi yana yawo a kan ruwa ne saboda yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis da kuke haddacewa don jarrabawa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Mu ƙaddara wani kwale-kwale wanda filin da ya mamaye a saman ruwa murabba'in mita 5 ne. Idan ya nutsa da santimita ɗaya, ya ture ruwa lita 50, wato kilo 50. Ma'ana, duk ɗalibi mai nauyin kilo 50 da ya shiga, jirgin zai yi ƙasa da santimita ɗaya. To a ce kafin ku shiga, tsakanin leɓen jirgin da ruwa akwai santimita 30. Ku goma kuka shiga, saura 20, lafiya lau. Kun zama ashirin, saura 10. Aka ƙaro biyar, ana cewa ai yara ne, a ɗora wannan a cinyar wancan, saura santimita 5. Ku haɗa yatsunku uku ku duba, iyakar abin da ya raba ku da tafki ke nan. A bakin gaɓa, inda ruwa ke kwance, ba wanda zai ga laifin jirgin. Sai an kai tsakiya iska ta taso, igiyar ruwa mai tsayin tafin hannu ta ishe shi.

Akwai kuma fasinjan da ba ya biyan kuɗin fito. Yawancin jiragen dam-dam ɗinmu na katako ne da aka haɗa da ƙusa, aka toshe tsakaninsu da tsumma da kwalta, kuma kusan kowanne yana ɗan yoyo. A jirgin misalinmu, ruwa jarka biyu mai lita 25 da ya taru a ciki daidai yake da ƙarin mutum ɗaya. Har ya fi mutum sharri, domin mutum yana zaune wuri guda, shi kuwa ruwa da jirgi ya karkata sai ya ruga can gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danna shi. Shi ya sa za ku ga tsohon masunci bai rabuwa da ƙwarya ko yankakkiyar jarka, yana tuƙi yana kwarfa. Jirgin da ba ku ga abin kwarfa a cikinsa ba, mai shi bai shirya ɗaukar ran mutane ba.

Don haka kafin ka sa ƙafa, ka duba abu ɗaya: bayan kowa ya zauna, leɓen jirgin ya kai aƙalla taƙi guda sama da ruwa? In bai kai ba, ka sauka. Mun san wannan ya fi lissafin wuya. Kai ƙaramin yaro, ga manya sun yi shiru, ga mai jirgi na cewa shekara ashirin yana wannan aiki, ga abokai na dariya wai matsoraci. Ba sai ka yi gardama ba. Ka ce, "Baba, ku je, zan jira sawu na biyu." Ke ma haka, ki kama hannun ƙanwarki ku koma gaɓa. Wani lokaci saukar mutum ɗaya ita ke ba wasu ƙarfin halin sauka.

To, a ce an sami jirgi mai kyau, da izinin gida, da masuncin da ya yarda ya koya muku. Shiga ma da ƙa'idarta. Mutum ɗai-ɗai ake shiga, a sunkuye, hannu biyu riƙe da gefe da gefe, ƙafa a tsakiyar jirgi ba a gefe ba. Da ka shiga ka zauna ƙasa-ƙasa. Duk yadda nauyi ya yi ƙasa, haka jirgi ke samun nutsuwa, da ka miƙe tsaye kuma ka mayar da shi abin lilo. Masuncin da kuke gani tsaye yana jefa birgi, shekaru ya yi kafin ƙafarsa ta san jirgi. Masu son ɗaukar hoto da waya, wannan da ku muke. Haka nan in wani ya ce ga kifi can, ko ga agwagwar ruwa, kada kowa ya rinjaya gefe guda don kallo.

Filafili kuwa, hannu ɗaya a kansa, ɗaya a ƙasa kusa da faffaɗan bakin. Sabon shiga yakan yi ta dukan ruwa da ƙarfin dantse, kafin minti goma ya galabaita. Gwani yakan miƙa gaba, ya nutsa bakin filafilin gaba ɗaya, sannan ya juya kafaɗa da ƙugu ya jawo, ya cire shi daidai kwankwasonsa. Ba ruwan kake turawa baya ba, kamar ka kafa sanda ne kana jawo jirgin zuwa wurinta. Abin da zai fara ba ku haushi shi ne in kuna tuƙi ta dama, hancin jirgin sai ya yi hagu, ku yi ta zagaye wuri ɗaya masunta na dariya. Maganinsa yana hannun na baya, don shi ne matuƙi. A ƙarshen kowane ja, sai ya murɗa bakin filafilin ya ɗan tura ruwa waje, jirgin ya dawo kan hanya. Ku zuba wa hannun masunci ido, za ku ga yana yin haka ba tare da ya ko lura ba. In ku biyu ne, na gaba ya riƙe gefe ɗaya, na baya ɗaya gefen, ku ja tare. A wuri mara zurfi gora ta fi filafili sauri, amma in ta kafe a taɓo, sake ta. Da yawa sun faɗa ruwa don sun ƙi rabuwa da sanda.

Mai koyo ba ruwansa da tsakiyar tafki. Ku bi gaɓa. Can ne ma abin kallo yake: balbela, da kirinjijiya masu tashi garke guda suna fito, da tsuntsayen da ke baro sanyin Turai su zo su yi hunturu a wajenmu, irin waɗanda masu bincike ke zuwa ƙirgawa a fadamun Haɗeja da Nguru. Ku nisanci bangon dam da wurin da ruwa ke malala ko ake sakinsa, domin nan ne zurfi, nan ne kuma ruwa ke ja ta ƙasa ko da samansa ya yi shiru. Ku nisanci ragar masunta, don abincin wani ce, kuma tana naɗe ƙafa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da safe ruwa ya fi kwanciya. In rana ta ɗaga iska kan tashi, a hunturu kuma ga ƙura da ke rufe gaɓa har mutum ya rasa inda ya fito, ga ruwan da sanyin da ke sandarar da gaɓoɓi. In za ku fita, ku fara fuskantar iska, don ta rako ku gida lokacin da kuka gaji. Farkon damina ya fi kowane lokaci mugunta: hadari kan haɗu daga gabas, iska mai ƙarfi ta riga ruwan sama isowa, kuma tsakanin ganin baƙin gajimare da isowarta ba wani lokaci mai tsawo ba ne. Da kun ga gabas ta yi duhu, ku nufi gaɓa mafi kusa, ba sai wadda kuka taso ba. Bayan magariba kuwa babu shiga jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe tana hana tafiyar dare da tafiya ba rigar kariya, amma a ƙaramin dam na ƙauye ba lalle ku ga jami'inta ba. Ku ne jami'an kanku.

Rigar kariya ita ce inda muka fi rauni. Wasu na jin kunyar sa ta, wasu na cewa sun iya ruwa. Iya ruwa a kududdufin bayan gari da gajeren wando daban, faɗawa tsakiyar dam da doguwar riga, mutum biyar na riƙe da kai, daban. 'Yan mata, ku abin ya fi shafa, domin zani da dogon hijabi in sun jiƙe sukan naɗe ƙafa da hannu. A kan hijabi ake sa rigar, a ɗaure maɗauranta duka. Gwajinta mai sauƙi ne: wata ta kama kafaɗun rigar ta ja sama, in ta wuce kunnuwa to ta yi yawa, a ruwa za ta zame. Tsohon tub na mota ba madadinta ba ne. Gorar da masunta ke hawa su kama kifi ita ma sai wanda ya saba.

In jirgi ya kife, kada ka rabu da shi. Jirgin katako mara inji sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya ko ya cika da ruwa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Gaɓa takan yi kamar kusa alhali da nisa. In kuma kana tudu ka ga wani na nutsewa, a nan ne zuciya ke yaudarar samari. Ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, waɗanda su ake kira in wani ya faɗa kududdufi ko rijiya, sun san yadda mai ceto kan bi wanda ya je ceto. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama sai ya hau kansa. Ka yi ihu. Ka kwanta a ƙasa ka miƙa masa gora ko reshe ko rawani. In ya yi nisa, ka jefa masa jarka wadda ba komai a ciki, murfinta a ɗaure. Ku koma lissafinmu na ɗazu: jarka mai lita 25 za ta iya ɗaukar nauyin da ya haura kilo 20, wannan kuwa ya isa ya riƙe kan mutum a sama, tunda ruwa ya riga ya ɗauke yawancin nauyin jikinsa. Ku kuma sani mai nutsewa ba kasafai yake iya ihu ba. Za ka ga kai na ɓullowa yana komawa, baki a buɗe, shiru.

In an fito da shi, a bar al'adar nan ta ɗaga mutum ƙafa sama ko danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya shaƙe shi. A duba ko yana numfashi. In yana yi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri, ana yi ana neman abin hawa. Wannan aiki ne da ake koya da hannu, ba a takarda ba, don haka ku roƙi malamin lafiya ko 'yan agaji na garinku su nuna muku. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Saura maƙiyi ɗaya wanda ba ya kifar da jirgi. Tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wata 'yar katantanwa da ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin na gefen dam da hanyoyin ban-ruwa. Daga nan take fitowa ta huda fatar mai wanka ko mai tsayuwa a ruwa, ba tare da ya ji komai ba. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu samari ke gaya wa juna, ciwo ne, in an bar shi yana lalata mafitsara, yana kuma sa kasala da rashin jini har karatu ya gagara. Maganinta, Praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu lokaci-lokaci, kada ku tofar. Wanda ke cikin jirgi ya fi mai wanka a gefe tsira daga gare ta. Kada kuma a yi fitsari a ruwan, don ta nan take komawa jikin katantanwa. 'Yan Minjibir da Gezawa, ku naku da ƙari: ruwan Wasai daga kogin Jakara yake zuwa, shi kuwa ya ratso cikin birnin Kano ya kwaso dattin kwatoci da na masana'antu. A kalle shi daga jirgi, amma ba na wanka ba ne, balle sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa ne kan gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli na kowace shekara don tunatarwa a kan haka. Ranar takan faɗo lokacin da ake shirin hutun dogon zango, daidai lokacin da kududdufai ke cika. Ba mu ga abin da zai hana makarantun da ke kusa da dam su yi amfani da ita ba.

Abin da muke so ma ya wuce rana ɗaya. Makarantunmu suna da ƙungiyar muhawara, da ta manema labarai, da ta matasa manoma. Me zai hana makarantar da ke iya hango ruwa daga tagar aji ta kafa ƙungiyar ruwa? Ba a buƙatar sayen jirgi. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su je su gai da Sarkin Ruwa, a nemi masunta biyu masu hankali, a haɗa kuɗin riguna goma, a riƙa fita rukuni-rukuni da safiyar Asabar, maza da malaminsu, mata da malamarsu. Malamin kimiyya ya sami ɗakin gwaji kyauta. Wasa ne kuma da ake cin suna da shi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, tseren kwale-kwale na cikin abubuwan da ke tara jama'a. A gasar Olamfik ana tseren tun 1936, kuma Ayomide Bello ta wakilci Nijeriya a wanda aka yi a Tokiyo. Hannun da ya saba da fartanya tun yana ƙarami ba zai ji nauyin filafili ba.

Aikin gida na wannan mako: wanda ke kusa da dam ya je da izinin iyaye, tare da babba, ya sami wani dattijon masunci, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi abu uku. Mutum nawa jirginsa ke ɗauka in ruwa na kwance, nawa kuma in akwai iska? Wane ɓangare na dam ɗin ne shi kansa ba ya zuwa, kuma don me? Sannan ya faɗa muku sunan kowane sashe na jirgi da kowace irin raga, yadda suke kiransu a wurin. Ku auna tsawo da faɗin jirgin, ku yi lissafin da muka yi a sama, ku gani ko amsarku ta zo kusa da tasa. Ku aiko mana tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi cika a fitowa ta gaba. Sai mun ji daga gare ku.